Ruwan Gozaki Da Injin Funtuwa

Da sunan Allah nake farawa, Mai saukar da ruwa inda Ya so a ranar da Ya so.

Tun da muka dawo daga Maraɗi ban huta da tambaya ba. A bakin masallaci a tambaye ni, a wajen mai shayi a tambaye ni, har a zaman makoki wani ya matso ya raɗa mini, "Malam Ilu, wai da gaske ne ɗaki ɗaya kuka kwana da Alhaji Sada?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin nasa gishirin. Shi ya sa na zauna na rubuta shi da ajamin da na iya, aka juya mini shi zuwa boko, don mai tambaya ya karanta ya bar ni in huta.

Ni ma'aikacin gidan gurzar auduga ne a Funtuwa, a wajen matse dila nake, wato manyan ɗaurin auduga, kuma ni 'yan'uwa suka ɗora wa shugabancin ƙungiyar ma'aikatan gidan. Aikinmu na rani ne. Ana kawo auduga bayan kaka, mu gurje ta, mu gama kafin damina, kowa ya koma gonarsa, domin kusan dukkanmu manoma ne. To a waccan shekara Allah Ya yi wa auduga albarka fiye da yadda aka saba. Hadari ya fara haɗuwa a gabas, ga tsibin auduga a fili kamar ba a taɓa shi ba. Sai kamfani ya sanar cewa duk wanda ya bar aiki ya tafi shuka kafin a gama gurza, to kada ya dawo baɗi, an sallame shi ke nan. Mu kuwa muka taru muka yanke cewa ranar da ruwan shuka ya sauka, ranar za mu kashe inji mu shiga yajin aiki gaba ɗaya. Wanda bai yi shuka da ruwan fari ba ya san abin da iyalinsa za su gani a shekara. Kamfani kuma ya san abin da ruwa yake yi wa audugar da aka bari a fili. Kowa ya kafe, aka daina ko gaisawa.

Ana cikin haka gwamnati ta aiko jami'in ƙwadago daga Kaduna, wani Bazazzagi siriri mai tabarau, sunansa Malam Tanimu. Ya zauna da mu, ya zauna da su, bai samu kan kowa ba. Daga ƙarshe ya ce ya ji akwai gidan gurza a Maraɗi, ma'aikatansa manoma ne kamar mu, amma ba a jin su da rigima. Takwaransa na can ya yarda ya karɓe mu. Abin da Malam Tanimu ya roƙa kawai shi ne mu je tare a mota ɗaya, mu gani da idonmu, kafin wani ya aikata abin da ba ya gyaruwa.

'Yan'uwa da yawa ba su so ba. Suka ce dabara ce ta kawar da ni daga gari. Na ce musu zan je, domin ban ga yadda zan sa mutane su ajiye aiki ba alhali akwai ƙofa ɗaya da ban ƙwanƙwasa ba. Na ɗauki sakatarenmu Bulus, mutumin Gozaki, Kirista ne, mai kula da belin inji, wanda tsohonsa ya makance kuma shi kaɗai ne namiji a gidan. Kamfani ya ba da mota Fijo, ya kuma ba da Alhaji Sada, mai kula da ɗaukar ma'aikata da sallamarsu. Da bakinsa aka karanta mana sanarwar kora. Shi ya ce zai tuƙa da kansa.

Mun tashi bayan asuba. Daga Funtuwa har Bakori ba wanda ya ce uffan. Alhaji na tuƙi, Malam Tanimu na gefensa, ni da Bulus muna baya kamar waɗanda aka kamo. Ina da goro a aljihu, ina so in ci, amma na kasa ci ni kaɗai, kuma zuciyata ba ta so in miƙa wa Alhaji. Sai da muka wuce Malumfashi na ga abin ya zama wauta. Na fasa goron, na miƙa gaba. Alhaji ya karɓa bai waiwayo ba, ya ce, "Na yajin aiki ne ko na sulhu?"

Na ce, "Na Allah ne, Alhaji. Ci kada barci ya kwashe ka ka zubar da mu."

Bulus ya ce, "In ya zubar da mu ai ya huta da ƙungiya."

Alhaji ya ce, "Ina cikin motar, Bulus."

Wannan ita ce dariyar farko, kuma gajeriya ce.

Muna yin arewa ƙasa tana ƙara bushewa. Mun ci waina a Katsina, muka nufi Jibiya. Namu ma'aikatan iyaka ba su tsare mu ba, suna ganin jami'in gwamnati suka ɗaga mana sanda. Amma da muka isa Ɗan Isa, wajen mutanen Nijar, sai muka tarar da sandar a sauke, ofis a kulle, wani jandarma, irin 'yan sandansu, yana kwance a kan benci ya rufe fuska da hula. Ashe su can in rana ta take, komai tsayawa yake yi, daga ofis har kanti, sai la'asar ta kusa. Malam Tanimu ya yi masa Turanci, ya amsa da Faransanci, ba wanda ya ji wani. Sai Bulus ya ce masa, "Sannu da hutawa, yallaɓai." Mutumin ya tashi zaune ya ce, "To ku da kuna jin magana, mi ya sa kuka wahalar da ni?" Bahaushe ne ɗan Tibiri. Amma duk da haka ya ce mai hatimi ya tafi gida cin abinci, sai ya dawo.

Muka zauna a gindin wata bishiyar bedi. Alhaji ya yi ta duba agogo yana cewa da a gidan gurza ne aka kashe rabin yini haka, da tuni kamfani ya rushe. Jandarman ya ce masa, "Alhaji, mu nan mun san rana ta fi mu ƙarfi, ba mu jayayya da ita." Da mai hatimi ya dawo ya ce kowa ya sa hannu a littafinsa, na rubuta sunana da ajami. Ya duba, ya karanta shi daidai, ya tambaye ni inda na yi karatun allo. Muka tsaya muna lissafa malamai har Alhaji ya danna ham.

A Maraɗi takwaran Malam Tanimu ya tarye mu, wani kakkauran mutum mai fara'a, Malam Lawali. Da ya ji daga ƙasar Katsina muke sai ya ce, "Maraba da 'yan tsaron gida. Mu ne Katsinawan asali, ku muka bar wa ajiyar gari." Alhaji ya ce in sun tashi dawowa ruwan sha na jiransu, don ya ga alamar nan babu. Aka sauke mu a masaukin baƙi na gwamnati. An shirya wa manya biyu ɗaki, mu biyu kuma ɗaki, amma aka tarar da wasu baƙi sun riga mu ɗaya. Saboda haka amsar tambayarku ita ce e, ɗaki ɗaya muka kwana mu huɗu, kuma Alhaji Sada yana minshari kamar kowane ɗan Adam. Da asuba ni na ja mu salla, shi da Malam Tanimu suna bayana, Bulus kuma yana zaune a bakin gado yana tasa addu'ar a hankali. Na daɗe ban ga abin da ya sanyaya mini rai kamar wannan ba, ko da yake muna shafawa kowa ya koma ya ɗaure fuska.

Abincinsu na safe wani dogon burodi ne kamar sandar makiyayi, bayansa tauri, cikinsa iska. Na gatsa ya kankare mini dasashi. Sai da na ga Malam Lawali yana tsoma nasa a kofi na gane yadda ake yi da shi. Da rana kuma aka fara kawo mana ɗanyen ganye da tumatir a faranti, ba tuwo ba miya. Bulus ya leƙa ya ce, "Malam, ko sun ɗauka da akuya muka zo?" Ashe somin-taɓi ne, shinkafa da nama suna tafe. Amma kilishinsu da furarsu, wannan kam ba ni da abin cewa sai yabo.

Aka kai mu gidan gurzarsu. Muna shiga muka tarar inji a kashe yake, an share fili tas, ba ko ƙullin auduga. Audugarsu ba ta kai rabin tamu ba, tun sanyi bai gama fita ba suke gamawa, ruwansu kuma yana zuwa bayan namu. Ba su taɓa haɗa gurza da shuka ba, balle su san maganinsa. Malam Tanimu ya cire tabarau ya yi ta gogewa. Na tausaya masa, domin shi ya jawo mu wannan nisa.

Abu ɗaya na gani da ya tsaya mini a rai. A ofishin akwai wani tebur da kujeru, Malam Lawali ya ce duk wata yakan zo su zauna da mai gidan da wakilan ƙungiya, wadda su suke kira sandika. Na ce, "Ko ba rigima?" Ya ce, "Musamman in ba rigima. Wani watan shayi kawai muke sha mu tashi." Alhaji ya ce wannan ɓata lokaci ne. Ni ma a raina na ce haka, domin mu a Funtuwa ba ma ganin cikin ofishin manaja sai an kai ga zage-zage. Wakilin ma'aikatansu, wani dattijo mai sanye da shuɗin kayan aiki, ya ce mana, "In kun saba zama kuna shan shayi, ranar da magana mai zafi ta zo ba sai an nemi kujera ba."

Washegari muka juyo, hannu wofi. Tun daga Jibiya muka hango gabas da kudu sun yi baƙi. Nan na fara lura da Alhaji. Mutumin da ya tuƙa mu a hankali da zuwa, yanzu yana taka mota har tana rawa. A Katsina ya tsaya shan mai, na ji ya tambayi wani direban lori, "Daga kudu kake? An yi ruwa a Tsiga?" A Kankiya ya sake tsayawa ba dalili, ya sake tambayar wani. Sai na tuna Alhaji mutumin Tsiga ne, kuma yana da gonar gado a can wadda bai taɓa bari shekara ta wuce ba a shuka ta ba.

Na ce, "Alhaji, mene ne naka da ruwan Tsiga? Ai ba a gama gurza ba."

Ya ce, "Malam Ilu, ka bar ni in yi tuƙi."

Bayan mun wuce Gidan Mutum Ɗaya sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo motar. Duk muka leƙa ta taga. Ga mutane a gonaki, maza na sara da sungumi, mata da yara na biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Ba mu yi nisa ba sai ƙasa ta koma busasshiya ƙayau, mutane na zaune a gindin itace suna kallon sama. Can gaba kuma sai laka. Haka muka yi ta ratsawa, jiƙe, bushe, jiƙe, kamar an yi wa ƙasar rabo da ludayi.

A tashar Malumfashi muka tsaya, Bulus ya fita neman labari wajen 'yan garinsu. Ya dawo da sauri. An kwana ana ruwa a Gozaki da kewayenta. Funtuwa yayyafi kawai aka yi. Tsiga ko ɗigo. Bai shiga motar ba, ya buɗe but ɗin bayanta ya ɗauki jakarsa.

Alhaji ya fito ya ce, "Ina za ka?"

"Gida, ranka ya daɗe. Tsohona ba ya gani. In ƙasar nan ta sha iska ta bushe, ban san ranar da wani zai zo ba."

"Ka san abin da aka sanar. In ka tafi, kai ne na farko da zan cire. Ba ni da yadda zan yi."

"Na sani."

Na ce, "Alhaji, in ka cire Bulus, kafin magariba inji ya mutu. Ni ma ba ni da yadda zan yi." Ban ɗaga murya ba, amma har ga Allah na riga na yanke, kuma ya ga haka a fuskata.

Malam Tanimu ya shiga tsakaninmu. Ya ce, "Ba a tsaye za a yi ta ba. Mun yi tafiya mai nisa don mu ga tebur, to ga benci." Ya ja mu rumfar wani mai shayi, ya sa aka haɗa mana, ya ce ba mai magana sai ya kurɓa. Bulus ya zauna da jakarsa a cinya.

Sa'an nan ya tambayi Bulus, "Kwana nawa shuka take ɗaukar ka?" Bulus ya ce in da hannu, uku sun isa. Ya juya wajen Alhaji ya ce, "Mutanen ɓangaren Gozaki da Kafur, in su kaɗai suka tafi, inji zai tsaya?"

Alhaji ya yi lissafi a ransa. Ya ce, "In su kaɗai ne ba zai tsaya ba. Abin da manaja yake tsoro shi ne a watse rana ɗaya." Ya dubi hanyar da muka fito. Ya ce, "Kuma ga shi ruwan ma ba rana ɗaya yake zuwa ba."

Da kamfani da ƙungiya, duk mun yi wata guda muna faɗa a kan "ranar da ruwa ya sauka", kamar Funtuwa da Tsiga da Gozaki rufin ɗaki ɗaya ne. Dukkanmu manoma ne, mun san ba haka ba ne tun muna yara, amma fushi ya hana kowa tunawa.

Alhaji ya ce, "To wa zai riƙe wurin waɗanda suka tafi? Beli ba ya kula da kansa."

Nan nauyi ya dawo kaina. Na san abin da nake shirin ɗora wa mutanena: wanda ruwansa bai zo ba zai haɗa aikinsa da na wani. Na ce, "Ƙungiya za ta riƙe. Amma a janye maganar kora, a faɗa da baki a gaban kowa, yadda aka faɗi ta farko."

Alhaji ya ce, "In kowa ya zo ya ce an yi ruwa a garinsu fa? Akwai wanda zai rantse an yi ruwa ko da ƙura na tashi."

Malam Tanimu ya ce wannan nasa ne. Gwamnati na da malaman gona a kowace gunduma, zai sa su riƙa shaidawa, kuma shi ba zai koma Kaduna ba sai an gurje ƙullin ƙarshe. Bulus ya ce ba kowane ruwa ne na shuka ba, sai an tona an ga laima ta kai tsawon tafin hannu. Aka tsaya a kan haka.

Alhaji ya ce, "Manaja bai san da wannan ba. In ya ƙi, ni zai fara cirewa kafin Bulus." Ya shanye shayinsa, ya miƙe. "Ku tashi mu je Gozakin. Ba zan tsaya a gabansa in ce an ce ba."

Hanyar Gozaki ta jiƙe sharaf, Fijo ta yi ta wutsil-wutsil, sau ɗaya har muka fita muka tura. A gonar su Bulus muka tarar da matarsa da ƙannensa mata sun fara sara da kansu, tsohon yana zaune a kan kututture da ƙwaryar iri a gabansa. Alhaji ya naɗe hannun babbar rigarsa, ya durƙusa ya tona da yatsu har wuyan hannunsa ya nutse, ya damƙo ƙasa ya matse, ta dunƙule. Malam Tanimu ya yi haka, ni ma na yi. Tsohon ya ce, "Su wane ne?" Bulus ya ce, "Baba, kamfani ne da gwamnati da ƙungiya." Tsohon ya ce, "To su matsa daga kan kunyata."

Muka bar Bulus a can muka nufi Funtuwa. A ƙofar gidan gurza muka tarar da mutane sun taru, yayyafin safe ya sa wasu suna cewa lokaci ya yi. Alhaji da Malam Tanimu suka shige ofishin manaja, ni na hau kan dila na faɗi abin da muka ƙulla. Ba a karɓe ni da daɗi ba. Wani ya ɗaga murya ya ce, "An ba Malam burodin Faransa ya sayar da mu!" Wani kuma, Ɗanlami, ya ce shi ba zai yi aikin mutum biyu don wani ya je gonarsa ba.

Na bari suka gama. Na ce, "Ɗanlami, ranar Juma'a da kake tafiya masallaci, wa yake tsaya maka a bakin inji?" Ban jira amsarsa ba. Na ce, "Su Bulus ne. Ranar Lahadi kuma mu muke tsaya musu. Shekara nawa muna haka, ba kamfani ya sa mu ba, ba gwamnati ba. Yau ruwan Gozaki ne, gobe naka ne. In kun ce yaji, ni zan fara kashe injin da hannuna, ban janye ba. Amma ku sani in audugar nan ta ruɓe, baɗi ba gidan da za a kore mu daga cikinsa."

Aka yi ta ja har la'asar. A ciki ma, na ji daga baya, ba da sauƙi manaja ya sauko ba, sai da Malam Tanimu ya ce zai sa hannu a madadin gwamnati, Alhaji kuma ya ce a ɗora masa laifin in inji ya tsaya ko na yini ɗaya. Daga nan Alhaji ya fito, ya tsaya a daidai inda ya karanta sanarwar kora, ya janye ta da bakinsa, laka na manne da gefen rigarsa. Mutanen Gozaki da Kafur suka kama hanya a yammacin nan. Mu da muka rage muka kwashe audugar fili muka cusa a sito, wadda ba ta samu wuri ba muka lulluɓe da tamfol.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mana nauyi, ba zan ɓoye ba. Na yi kwanaki ina haɗa matse dila da kula da beli har bayana ya ƙage. Mutum biyu sun wuce kwanakinsu, ƙungiya da kanta ta aika aka taso su. Amma inji bai tsaya ba, ba a kori kowa ba, kuma duk safiya mukan zauna mu uku a kan benci a bakin ofis, da shayi, mu ji inda aka yi ruwa. Har yanzu muna zaman nan duk wata, ko ba rigima.

Tsiga ce ta zo ƙarshe. Ruwanta ya yi jinkiri har Alhaji ya rame. Ran nan da safe ina zaune da Malam Tanimu, mutanen Tsiga sun yi layi ana sallamarsu, sai na ɗaga kai na ga Alhaji Sada a ƙarshen layin, ya sa tsohuwar taguwa, ya riƙe hularsa a hannu. Da layi ya zo kansa ya ce, "Malam Ilu, an yi ruwa a Tsiga."

Na ce, "Malamin gona ya shaida, Alhaji. Wa zai riƙe maka wurinka?"

Bulus na tsaye a bakin ƙofa da gwangwanin man inji. Ya ce, "Ni zan zauna masa a kujera, Malam. Na daɗe ina sha'awarta."

Na ce, "Kwana uku, Alhaji, kamar kowa. In ka wuce, ƙungiya za ta aiko a taso ka."

Ya sa hularsa, ya ce, "Allah Ya ba mu damina mai albarka." Muka ce amin, mu duka.